B.B. King na situdiyo ko B.B. King na gaban jama'a: wanne ya fi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga iyayenmu da yayyenmu masu tsohon kunne. Wata uku ke nan da na fara koyon jita, sai maigidana da ke koya mini ya ce in daina wahalar da yatsuna da gudu, in je in zauna da B.B. King, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan Amurka, har in gane yadda mutum zai taɓa tsirkiya sau uku ya faɗi abin da wani zai taɓa sau talatin bai faɗa ba. Na leƙa YouTube na tarar faya-fayansa sun fi arba'in, wasu na situdiyo, wasu an ɗauka yana wasa gaban mutane. Da wanne zan fara? Don Allah kada a ce in saurari duka, datata ba ta kai nan ba.

Baba Mai Garmaho: Wa alaikumus salam ɗana. Live at the Regal. Ka sauke shi, ka kashe wayar, ka zauna. Minti talatin da biyar ne kacal, bai kai tsawon layin mai ba.

Injiniya: Baba, tun ba a je ko'ina ba har an yanke hukunci?

Baba Mai Garmaho: To me za a jira? Ranar 21 ga Nuwamba 1964 aka ɗauke shi a gidan wasa na Regal da ke unguwar baƙaƙen fata a kudancin Shikago, aka fitar a 1965. Mutumin yana da shekara 39, muryarsa tana kan ganiyarta, kuma mutanen da ke gabansa nasa ne, waɗanda da yawansu daga Misisipi suka yi ƙaura zuwa arewa neman aiki, kamar shi. Ka saurari yadda yake shiga Sweet Little Angel, bai tsaya ba ya zarce It's My Own Fault, bai tsaya ba ya faɗa How Blue Can You Get, makaɗan ba su sauke hannu ba, shi kuma yana yi wa mutane hira a tsakani. A ta ƙarshen nan akwai inda kiɗa yake tsayawa cak, yana lissafa abubuwan da ya yi wa matarsa ta raina, mota ce, abinci ne, gida ne, har ya kai kan 'ya'ya bakwai da ta ce a mayar. Ihun da matan wurin suka yi a daidai nan, wallahi ba a sayen sa da kuɗi. Ni faifan nan na same shi ne hannun wani ɗan Gana mai gyaran rediyo a Sabon Gari, allura ta ci shi har ya yi fari, amma ihun nan bai goge ba.

Uwar Biyu: Baba dai an tuna ƙuruciya.

Baba Mai Garmaho: 'Yar nan, wanda bai yi ƙuruciya ba ai ba shi da abin tunawa.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ni zan saɓa, kuma da hujja. Aikina ke nan, naɗar sauti, shekara goma sha huɗu ina zaune gaban na'ura. Waƙar da ta fitar da B.B. King daga gidajen rawa na baƙar fata ta kai shi kunnen duniya ita ce The Thrill Is Gone, kuma 'yar situdiyo ce tsantsa. A 1969 aka yi ta, cikin faifan Completely Well. Waƙar ma ba tasa ba ce tun asali, Roy Hawkins ya fara rera ta a 1951. Abin da ya sa ta zama daban shi ne bayan an gama ɗauka, furodusan, Bill Szymczyk, ya sa aka ɗora gogen Turawa a bayanta, a hankali, kamar hazo. Ta kai lamba 15 a jerin waƙoƙin Amurka baki ɗaya, ta ciyo masa lambar yabo ta Grammy ta farko. Yanzu a gaya mini, a wane dandali za a yi wannan? A dandali abin da ya fita ya fita. A situdiyo ne ake zama a yi tunani, a ce nan ya yi yawa, nan a rage, nan a bar shiru.

Ɗan Fagge, kai da kake koyon jita, a situdiyo za ka ji kowane motsin yatsansa fes, babu mai ihu a kai.

Malam Tanko: Injiniya ya faɗi gaskiya rabi. Sauran rabin shi ne mutumin da kansa bai ɗauki Regal a bakin komai ba. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1996 ya nuna mamakin yadda ake ta zuzuta faifan, ya ce shi a ganinsa ya yi darare da yawa da suka fi wannan, ba a dai naɗa ba ne. Kuma da ake tambayarsa wanne ya fi so cikin nasa, My Kind of Blues yake ambata, na wajen 1960, wanda babu 'yan busa, babu taro, daga shi sai mai fiyano da mai ganga da mai bes.

Baba Mai Garmaho: Malam, mai tuwo ba ya sanin daɗin tuwonsa. Mutumin da a shekarar 1956 kaɗai ya yi wasa 342, ina zai bambance daren Asabar da na Talata? Shi duk ɗaya ne a wurinsa. Mu da aka ba mu dare ɗaya cikin dubbai, mu muka san abin da muka samu.

Malam Tanko: Wannan kuma magana ce.

Ɗan Fagge: Tsaya Baba, 342 a shekara ɗaya? Yaushe yake barci?

Baba Mai Garmaho: A mota.

Anti Ladi: Sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda an taɓo garin da nake zaune dole in yi magana. Gidan Regal ɗin nan da Baba yake faɗi babu shi yanzu, tun 1973 aka rushe. Ni kuma ba Regal zan zaɓa ba, Live in Cook County Jail zan zaɓa, wanda ya yi a gidan yarin nan Shikago ranar 10 ga Satumba 1970, gaban fursunoni sama da dubu biyu. Ku saurari farkonsa tun kafin a taɓa kiɗa. Wata mata ce take gabatar da manyan baƙi, ta kira babban jami'in tsaron gundumar, fursunoni suka yi masa ihun a-ture, ta kira babban alƙali, ihun ya ninka. Ba a yanke wurin ba, aka bar shi a faifan. Daga nan ka san a wane irin wuri kake.

Kuma Injiniya, The Thrill Is Gone ɗinka tana ciki, babu goge ko ɗaya, kuma ba ta rasa komai ba. Ni ta can ta fi shiga raina. Mutum yana rera wa waɗanda aka kulle cewa daɗi ya ƙare, ai ba sai an ɗora masa goge ba.

Injiniya: Anti, da ba a yi ta situdiyo ta karɓu ba, da fursunonin ba su san ta ba balle su yi shewa da ya fara ta.

Anti Ladi: Ƙanena, uwa ce ta haifi 'ya, ban musa ba. Amma wani lokaci 'ya takan fi uwarta kyau.

Uwar Biyu: Anti Ladi ta gama da kai Injiniya, ka tattara wayoyinka.

Malam Tanko: Akwai abin da ya sa faifan gidan yarin nan yake da nauyi fiye da kiɗa. Mafi yawan mutanen da ke zaune a filin nan samari ne baƙaƙe, kuma da yawansu ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke don ba su da kuɗin beli. Abin ya dame shi ƙwarai. Bayan nan ya yi ta zuwa gidajen yari yana wasa kyauta, har shi da lauya F. Lee Bailey suka kafa wata gidauniya ta kula da fursunoni. A 1990 ma ya sake fitar da wani na gidan yarin San Quentin. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci a ɓangaren masu jiran shari'a a nan gida ya san irin mutanen da ake magana. Faifan kuma ya yi kasuwa, ya hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin baƙar fata na lokacin.

Ɗan Damagaram: Ina gaida manya. Ni tambayata daban ce. Me ya sa idan yana rera waƙa jitar take yin shiru, idan jitar ta fara shi kuma ya yi shiru? Na lura da haka a duk bidiyon da na gani. Mu nan masu jita na Agadas hannu ba ya tsayawa, baki na yi hannu na yi.

Baba Mai Garmaho: Yawwa! Ɗan Damagaram ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ba ya iya haɗa biyun a lokaci guda, kuma bai iya buga tsirkiyoyi da yawa a tare yadda masu raka waƙa suke yi ba. Har lokacin da ya yi aiki da 'yan ƙungiyar kiɗa ta U2 a 1987 sai da ya gaya musu a nemo wani ya riƙe wannan ɓangaren. To sai ya mai da rauninsa sana'a. Ya rera baiti, ya yi shiru, Lucille ta amsa. Ita ce 'yar amshinsa. Idan kun gane wannan kun gane dalilin da nake cewa faifan gaban jama'a ya fi. A situdiyo mutum biyu ne ke zance, shi da jitarsa. A Regal mutum uku ne, shi da jitarsa da matan nan na layin gaba. Ya faɗa, jita ta amsa, mata su amsa wa jitar, shi kuma ya ji amsarsu ya canza abin da zai yi na gaba. Ka cire na ukun nan, ka cire ƙafa ɗaya ta murhu.

Wanda ya taɓa jin kaset ɗin Shata da aka ɗauka a gidan biki, da guɗa da maroƙa da hayaniyar masu liƙi, sannan ya ji wanda aka ɗauka a ɗakin rediyo, ya san abin da nake nufi. Waƙar ɗaya ce, amma a ɗayan akwai wanda ake yi wa.

Ɗan Fagge: Baba wace ce Lucille kuma? Na zaci matarsa ce.

Uwar Biyu: Kai yaro! Jitar ce.

Malam Tanko: Labarin sananne ne, shi ma ya ba da shi da bakinsa a wata doguwar waƙa mai wannan suna a 1968. A lokacin sanyi na 1949 yana wasa a wani ɗan ƙauye da ake kira Twist a jihar Akansas. An kunna wuta cikin garwar kananzir a tsakiyar ɗakin rawa don jin ɗumi, sai wasu maza biyu suka kaure da faɗa suka ture garwar, wuta ta kama. Kowa ya fita, shi ma ya fita, sai ya tuna ya bar jitarsa a ciki, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta, da ƙyar ya sha. Washegari ya ji cewa a kan wata mata mai suna Lucille aka yi faɗan. Sai ya sa wa jitar sunan, don ya riƙa tunawa kada ya ƙara irin wannan wauta. Duk jitar da ya riƙe bayan nan sunanta ke nan, galibi baƙar Gibson.

Kuma Injiniya, ka lura, wannan waƙar ta situdiyo ce, na ba ka maki ɗaya kyauta.

Injiniya: Na karɓa Malam, amma ba sadaka nake nema ba. Bari in fasa ƙwan. Wannan maganar da ake yi kamar faifan gaban jama'a shi ne gaskiya tsirara, na situdiyo kuma kwalliya, ba haka abin yake ba. Baba, ɗauko faifanka na Regal ka juya. Gefen farko Pervis Spann ne ya gabatar da shi, gefe na biyu E. Rodney Jones ne. Gabatarwa biyu. Wato ba hawa ɗaya ba ne aka ɗauka daga farko zuwa ƙarshe, zaɓa aka yi aka jera. Akwai furodusa a wurin, Johnny Pate, akwai wanda ya yanke shawarar inda za a kafa makirfo don ihun matan nan ya shiga sosai. Da an juya makirfon wani gefe, da ƙafar murhun nan taka ta uku ba ta fito ba. Don haka ihun da kake so ma aikin irinmu ne.

Baba Mai Garmaho: Kai ka kafa makirfo, amma ba kai ka sa su ihu ba.

Injiniya: Haka ne. Amma na ƙara maka wani. Mai fiyanon da ke cikin faifan, Duke Jethro, asalinsa ogan yake bugawa. Ogan ɗin ya lalace a ranar, aka ce ya zauna kan fiyano, abin da bai saba ba. A situdiyo da sai a ɗaga aikin zuwa gobe.

Anti Ladi: To ai ka kashe kanka da kanka. Ogan ya lalace, mutum ya hau abin da bai saba ba, kuma aka samu faifan da shekara sittin ana magana a kansa, har ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa shi cikin sautukan da ake adanawa don tarihi. Da an ɗaga zuwa gobe fa?

Injiniya: Anti yau dai kin sa ni gaba.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba amma a bi a hankali, kada a kori Injiniya daga zauren, shi ke gyara mana lasifika in an yi taro.

Malam Tanko: Bari in taimaki Injiniya da gaske yanzu, don akwai ɓangaren da duk ba mu taɓa ba, kuma shi ne ginshiƙin. Kafin Regal akwai shekara goma sha biyar na aikin situdiyo. Sunansa na yanka Riley King, an haife shi 16 ga Satumba 1925 a gonar auduga kusa da Itta Bena a Misisipi, ya yi tuƙin tarakta, ya zo Memfis ya samu shiga gidan rediyon WDIA, a nan aka laƙaba masa sunan da aka taƙaita ya koma B.B. Waƙar da ta fara ɗaga shi, 3 O'Clock Blues, a 1951 aka naɗe ta a wani ɗaki na ginin YMCA a Memfis, ta yi mako biyar a lamba ɗaya a jerin waƙoƙin baƙar fata a farkon 1952. Daga nan har 1962 yana tare da kamfanin 'yan'uwan nan Bihari, kuma a nan aka gina yawancin abin da kuka ji a Regal. Every Day I Have the Blues, Sweet Little Angel, You Upset Me Baby, Please Love Me, Woke Up This Morning, duk ƙananan faya-fayai ne na shekarun 1950, yawancinsu da tsarin busa na Maxwell Davis. Mutanen Regal ba sabon abu suka zo ji ba, waƙoƙin da suka haddace daga rediyo suka zo a maimaita musu. Shi ya sa suke ihu tun kafin ya ƙarasa baiti.

Matsalar ita ce kamfanin bai daraja manyan faya-fayansa ba. A ƙarƙashin tambarin Crown ake zuba su a kwandon araha, ƙasa da dala ɗaya, da bango marar kyau. Ga kuma sunayen bogi da masu kamfanin suke liƙawa kusa da nasa a matsayin waɗanda suka rubuta waƙa tare da shi, don su ci rabin kuɗin. In ka ga Taub ko Josea ko Ling a jikin tsohon faifansa, su ne. Saboda haka mutane suka taso suna ganin B.B. na situdiyo kayan gwanjo ne, alhali a nan zinariyar take. Ɗan Fagge, ka nemi Singin' the Blues, shi ne ya tattara na farko-farkon.

Uwar Biyu: Ashe cin guminsu mawaƙa ba yau aka fara ba, kuma ba a nan kaɗai ba.

Ɗan Damagaram: Malam na gode. Ni wanda na fi kallo shi ne na Kinshasa. Shi kuma wane layi za a sa shi?

Malam Tanko: Na gaban jama'a ne, sai dai an fi sanin sa a bidiyo. Bikin kiɗa ne na kwana uku a Satumba 1974, wanda aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman. Foreman ya ji ciwo a gira wajen atisaye, aka ɗaga damben zuwa 30 ga Oktoba, amma bikin kiɗan bai ɗagu ba. James Brown ya yi, Miriam Makeba ta yi, Franco da Tabu Ley na gida suka yi. B.B. ya yi wasa mai kyau a can, gumi har ya jiƙa kwat.

Baba Mai Garmaho: Mai kyau ne, amma filin ƙwallo ne, kuma yawancin mutanen ba sa jin abin da yake faɗa. Sun ji jitar, ba su ji habaicin ba. Shi ya sa ban sa shi sahun Regal. Idan kuna son wanda zai iya ja da Regal, Blues Is King ne, na ƙarshen 1966, a wani ƙaramin gidan rawa a Shikago. Shekarar ta yi masa zafi, aurensa na biyu ya mutu, hukumar haraji ta sa shi gaba. A Regal yana wasa da mutane yana ba su dariya. A wannan kuwa babu wasa, jitar har wani ƙara take kamar za ta tsage. Wasu ranakun nakan ce ya fi Regal, sai in kwana in tashi in janye.

Anti Ladi: Bari in faɗi abin da masu son wasan gaban jama'a ba sa so a faɗa, tunda ni na gan shi da idona, sau ɗaya, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Mun sayi tikiti mai tsada ni da maigidan. Makaɗansa suka yi kusan rabin awa kafin a fito da shi, ya zauna kan kujera, don ciwon suga da gwiwa sun hana shi tsayuwa. Ya yi hira, ya gabatar da makaɗa ɗaya bayan ɗaya, ya tsokani matan layin gaba, ya sa mu rera waƙa tare. Jitar tana kan cinyarsa, sai can ba a rasa ba ya taɓa ta. Maigidan ya ce kuɗinmu sun tafi a hira. Ni ban yi nadama ba, don sau biyu ko uku da ya ja tsirkiyar nan ya girgiza yatsa sai da tsigar jikina ta tashi. Amma gaskiya ɗaya ce, da an naɗi daren nan an sayar, da an cuce shi. A 2014 ma an yi wani wasa a Sent Luwis da abin ya lalace har mutane suka riƙa fita, daga baya wakilansa suka ba da haƙuri. Bai daɗe ba ya daina, ya rasu 14 ga Mayu 2015 a Las Vegas yana da shekara 89.

A daidai waɗannan shekarun kuma, a 2008, ya shiga situdiyo da T Bone Burnett suka yi One Kind Favor, tsofaffin waƙoƙin da ya taso yana ji, Dr. John a kan fiyano. Ya buɗe da waƙar Blind Lemon Jefferson ta mutumin da ke roƙon a riƙa share masa kabari. Dattijo ɗan shekara 82 yana rera wannan. A nan situdiyo ta rufa masa asiri, ta ba shi lokaci ya huta, ya sake, ya fitar da abin da ya rage a cikinsa. Don haka Injiniya, na dawo maka da rabin abin da na ƙwace.

Injiniya: Allah ya saka da alheri Anti. Dama haƙuri na yi, na san za a zo wurin.

Baba Mai Garmaho: Kada ka yi saurin murna. Situdiyon nan taku ita ce kuma ta sa shi ya yi ta yin faya-fayan da ko kyauta aka ba ni sai na duba wurin ajiya. Love Me Tender na 1982, an kai shi Nashbil an lulluɓe shi da kiɗan kaboyi mai zaƙi. Na shekarun 1980 da aka cika da gangar na'ura. Sai kuma na tara baƙi, wannan ya rera baiti ɗaya, wancan ya rera ɗaya, kamar an raba goron ɗaurin aure.

Uwar Biyu: Baba kada ka taɓa mini Riding with the King. Da shi na san shi. Babanmu yana da shi a mota, hoton bangon ma nake so, Eric Clapton yana tuƙi, dattijon yana hakimce a baya kamar mai gari.

Baba Mai Garmaho: Wannan na 2000 ban sa shi cikin na goro ba, yaron ya girmama shi yadda ya kamata. Amma an goge shi ya yi sumul da yawa, babu ƙura ko kaɗan.

Injiniya: Clapton ne yaro?

Baba Mai Garmaho: Shekara ashirin ya ba shi. Yaro ne.

Malam Tanko: Cikin na situdiyo na tsakiyar rayuwarsa, wanda ba na gajiya da shi Indianola Mississippi Seeds ne na 1970, mai hoton kankana da aka yi wa wuyan jita a bango. Leon Russell da Carole King sun buga fiyano a ciki. Ya buɗe shi da wata 'yar gajeruwar waƙa shi kaɗai a kan fiyano, yana kukan babu mai son sa sai mahaifiyarsa, ita ma yana shakka. Sai Blues on the Bayou na 1998, wanda ya ɗauki makaɗan da yake yawo da su ya kai su wata situdiyo a Luwiziyana, ya shirya da kansa, suka buga tare kamar suna kan dandali. Wannan ban san layin da Baba da Injiniya za su sa shi ba.

Injiniya: Nawa ne, akwai rufi a kansu.

Baba Mai Garmaho: Ɗauki, ban ja ba. Babu mata a layin gaba.

Ɗan Fagge: Na dawo. Tun ɗazu da kuke ta fafatawa na sauke Regal na ji sau biyu, sannan na ji The Thrill Is Gone ta situdiyo da ta gidan yari a jere. Ba zan shiga tsakanin manya ba. Abin da ya tsaya mini shi ne farkon Sweet Little Angel, akwai wani sauti ɗaya da yake riƙewa yana rawa kamar muryar mai shirin kuka. Na gwada a jitata ya fi sau ashirin, abin da ke fita kamar kyanwa aka taka. Yaya yake yi?

Ɗan Damagaram: Ba da yatsa kaɗai ba ne, daga wuyan hannu motsin yake fitowa. Kalli bidiyon Kinshasa ka ga yadda yake sakin wuyan jitar, yatsa ɗaya ne kawai a kan tsirkiya, sauran hannun yana kaɗawa kamar fiffike.

Malam Tanko: Kuma asalinsa kwaikwayo ne da bai yi nasara ba. Ɗan'uwan mahaifiyarsa, Bukka White, da ƙarfe yake goga tsirkiya tana kuka. B.B. ya yi ta gwadawa hannunsa ya ƙi, sai ya nemi hanyar fitar da kukan da tsokar yatsa.

Ɗan Fagge: To ni ma bari in je in yi ta kasawa ko Allah zai sa a dace. Injiniya, tsirkiyar jitata ta uku tana yanka mini yatsa in na ja ta sama, siririya zan saya ko haƙuri zan yi?

Injiniya: Ka kawo ta shago gobe bayan la'asar in gani, wataƙila tsirkiyoyin ne suka yi nisa da wuyan. Ka taho da abin kunnenka, zan sa maka My Kind of Blues ka ji a na'ura mai kyau, kafin Baba ya gama lalata maka kunne da ihu.

Baba Mai Garmaho: Ni ma zan zo. A ajiye mini kujera kusa da lasifika.